Sunan da Goggo Ta Daina Kira

Mairuwa,
19 ga Satumba, 2021

Amatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kin sauka lafiya kuma ruwan Ibadan ya amshe ki. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Masara ta yi kyau bana, sai dai mutane na tsoron gonakin nesa, kin dai san halin da ake ciki. Kada ki yi mamakin ganin takarda. Tun da aka rufe layin waya a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, wayata ta koma tocila. Malam Bilya direba, mai kai masara kasuwar Bodija nan Ibadan ɗinku, shi ya ce in ina da saƙo in riƙa ba shi.

Goggo jiki da sauƙi, ƙafar ce dai. Tunaninta kuma sai addu'a. Shekaranjiya ta share tsakar gida sau huɗu, ta ce baƙi na tafe. Jiya ta tambaya ko Malam mijinta ya dawo daga kasuwar Sheme, Malam da ya shekara sha ɗaya a ƙasa. In na tafi asibiti Inna Alheri maƙwabciyarmu ke zama da ita, Allah ya saka mata.

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Wata uku ke nan Goggo ba ta kira sunana ba. Ko sau ɗaya. Ni ke yi mata wanka, ni ke dama mata koko, ni ke wanke zanen da ta ɓata, amma in na shigo ɗaki sai ta kau da kai ta dubi bango. In tana son abu daga wurina, Inna Alheri take faɗa mawa ina tsaye: "A ce ma waccan ta kawo ruwa." Waccan fa, Amatu. Ko kwano ɗaya ta daina ci da ni. Sunanki kau ba ya barin bakinta. Amatullah ta ci abinci? Amatullah ta yi kitso? A ɗauko ma Amatullah mayafi, garin da sanyi.

Ba zan ɓoye maki ba, kishi nake ji, irin wanda ke hana tuwo wucewa. Ni aka fara kawowa gidan nan riƙo daga Damari ina shekara huɗu, ke sai bayan shekara uku aka kawo ki daga Ƙanƙara. Na san ke jikar ƙanenta ce, jininta. Ni dangin miji ce, jikar yayan Malam. Amma da tana da hankalinta ba ta taɓa nuna mani haka ba, tunda Allah bai ba ta haihuwa ba mu biyu ta ɗauka duk ɗaya. Ashe sai da ciwo ya zo ya tace mata mutane, ya bar nata, ya zubar da ni.

Kuma kada ki manta, ni na fara ganin sanarwar karatun nan a allon asibiti, digiri na biyu a kan jinyar masu gigin tsufa, ni na kira ki na faɗa maki. Mu biyu muka cika fom. Da aka zo maganar wanda zai zauna da Goggo sai kowa ya juyo ya kalle ni, don ni aurena ya mutu, ba ni da ɗa. Ke kina can kina karanta ciwon a littafi, ni ina nan ina kwashe shi da hannu.

Alhaji Uwais, ƙanen babanki, ya aiko daga Sabuwa cewa in na gaji in kai mashi ita, yana da ɗaki a bayan gida. An kuma yi mani tayin komawa babban asibiti a Ƙanƙara. Ban ba kowa amsa ba tukuna. Ki faɗa mani abin da malamanku ke cewa game da mai jinyar da aka manta da ita.

Yayarki,
Suwaibatu

*

Ibadan,
2 ga Oktoba, 2021

Yaya Suwaiba,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iske ni lafiya, Malam Bilya ya kira ni na je Bodija na amsa. Ina gaishe ki, ina gaida Goggo da Inna Alheri. Ni ma lafiya, sai barkonon garin nan da ya hana cikina zama. Karatu kuma ba wasa, mu goma sha tara ne a aji, duk nas-nas masu shekaru a aiki, kuma ni kaɗai ce daga wajenmu.

Yaya, na karanta takardarki sau biyu, raina bai yi daɗi ba. Amma ki yi haƙuri in faɗa maki abin da muka koya, ba don in nuna maki na sani ba. Sau da yawa mai wannan ciwo ya fi saurin rasa sunan wanda yake gani kullum, ya riƙe na wanda ke nesa. Ba zaɓe take yi ba. Ƙwaƙwalwa ce ke lalacewa, ba zuciya ba. Kada ki matsa mata da tambayar "wace ce ni", kada kuma ki gyara mata in ta nemi Malam. Ki ce mata ya yi nisa, ki ja ta da wata hira. A nan sun fi jaddada mana wannan: a bi mai ciwo zuwa inda yake, kada a jawo shi inda muke.

Maganar Sabuwa kuma, don Allah ki dakata. Na san ɗakin da Baba Uwais ke nufi, kusa da turken awaki, ƙofarshi da sakata ta waje. Mutumin kirki ne, amma a wurinsu wannan ciwo hauka ne, kulle ta za su yi don kada ta fita. Canjin wuri kuma yana rikita irinsu ƙwarai.

Yanzu ga wata alfarma. An ce kowace ɗaliba ta zaɓi tsoho ɗaya daga garinsu ta yi nazari a kanshi, ta gwada takardar gwajin tunani da harshenta. Ni na zaɓi Goggo. Ga shafin farko nan na sa maki, na cike abin da na sani, ke ki ida sauran: lokacin barcinta, abin da take ci, sau nawa take fita. Za a ba mu hutun sati ɗaya ƙarshen wata, zan taho in yi mata gwajin da kaina.

Maganar fom, ban manta ba, Yaya. Amma ni ma ba daɗi nake ji ba. Na bar yara uku wurin babansu Mas'ud da uwarshi a Ƙanƙara, ƙaramar ko yaye ban ida ba. In na gama zan dawo da abin da zai amfane mu duka.

Ƙanwarki,
Amatullah

*

Mairuwa,
11 ga Oktoba, 2021

Malama Amatullah,

Ina gaisuwa. Muna lafiya. Goggo ta yi mura ta warke.

Na gode da darasi. Shekara sha huɗu ina aikin nas, sai yau na ji cewa ƙwaƙwalwa ce ke lalacewa. Allah ya ƙara ilimi.

Na ga shafin naki. Inda aka rubuta "dangantakar mai jinya da maras lafiya" kin sa mani "ɗiyar riƙo, dangin miji". Gaskiya kika rubuta, ban ce kin yi ƙarya ba. Amma na daɗe zaune da takardar a cinya ina kallon kalmomin nan huɗu da rubutun hannunki. Wato har malaman Ibadan sai sun san ni bare ce. Goggo ta zama darasinki, za ki ci jarrabawa da ita, a kira sunanki a taro, ni kuma in ci gaba da zama waccan.

Na cike maki sauran. Ki ƙara da wannan, tunda kina tara alamomi. Ta fara ɓoye abinci. In na ba ta tuwo da nama sai ta cire tsokar ta ƙulle a bakin zane. Ranar Talata na isa asibiti na buɗe jakar aikina, sai ga tsoka naɗe cikin ganyen masara a kan farar rigata, mai ya ɓata ta duka. Ranar Alhamis ƙuli-ƙuli biyu na iske cikin takalmina. Na tabbata ke take aje mawa, ta rasa inda kayanki suke sai ta zuba a nawa. Na tambaye ta ta kau da kai, ta ce ma Inna Alheri wai mutane sun cika surutu.

Na ji maganarki a kan ɗakin Alhaji Uwais. Da sauƙi mutum ya ce a dakata daga Ibadan. Ki taho dai. Ki yi mata gwajin naki, ki tambaye ta ni wace ce. In ta san ni, ko da sunan kawai ta faɗa, wallahi zan zauna da ita har ranar da Allah zai raba, ba zan ƙara buɗe baki ba. In kuma ba ta san ni ba, to duk hannun da ya ba ta koko ɗaya ne a wurinta, kuma ba a ce dole sai nawa ba.

In za ki taho ki biyo motar safe daga Funtuwa, kada ki bari la'asar ta yi maki a hanya.

Suwaibatu

*

Mairuwa,
1 ga Nuwamba, 2021

Amatu,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kin koma lafiya, kin kuma iske yara lafiya da kika biya Ƙanƙara. Goggo tana nan yadda kika bar ta.

Kin tafi ba mu yi magana ba, don haka zan yi ta a nan. Na ga yadda ta tarbe ki. Matar da sai an ɗaga ta, ita ce ta miƙe da kanta ta riƙe fuskarki da hannu biyu tana "Amatullah, Amatullah, kin rame." Ina tsaye da butar alwalarta a hannu. Ban taɓa jin na tsani muryar Goggo ba sai ranar, Allah ya yafe mani.

Na ga gwajin ma, har inda kika bar ni na gani. Ba ta san shekara ba, ba ta san wata ba, amma da kika nuna Inna Alheri ta faɗi sunanta har da na ubanta. Da kika nuna kanki ta yi dariya ta ce kina mata wasa. Da kika nuna ni kika ce, "Goggo, wannan fa, ya sunanta?" sai ta ja mayafi ta rufe baki ta dubi ƙasa. Sau uku kika tambaya. Daga nan kika ce in ɗan ba ku wuri, na fita na zauna gindin dalbejiya ina tsinke zogale, ina jin muryarta ƙasa-ƙasa tana ta yi maki bayani. Kin fito idonki ja. Na ce me ta ce, kika ce ba komai, surutun ciwo ne. Washegari kika kama hanya, alhali kwana uku kika ce za ki yi.

Kin bar kwafin takardar a kan gado, ban sani ba ko mantuwa ce. Na karanta. "Ba ta faɗi sunan mai jinya ba." To, na gode. Na gane kukan tausayina kika yi, kika kasa faɗa mani a ido cewa ta shafe ni. Ba sai kin ji nauyi ba, ni ma nas ce.

Na aika ma Alhaji Uwais. Ya ce in bari su ida kaka, ranar Asabar ashirin ga wata zai turo mota. Na kuma amshi aikin Ƙanƙara, zan fara farkon Disamba. Mutanen unguwa na ce masu canjin wurin aiki ne aka yi mani dole, har Inna Alheri haka na faɗa mata, don ba zan iya cewa kishi ne ya kore ni daga gidan da na girma ba. Ke kaɗai kika san gaskiya.

In kina da abin cewa ki faɗa kafin ranar. Malam Bilya zai taso daga can ranar takwas ga wata.

Suwaibatu

*

Mairuwa,
12 ga Nuwamba, 2021

Amatu,

Gaisuwa. Muna lafiya.

Malam Bilya ya dawo hannu rabbana. Ya ce ya ba ki takardata hannu da hannu, kika ce za ki kawo amsa, ya jira har aka ida lodi ba ki zo ba. Shirun ma amsa ce, na ji.

Na wanke kayan Goggo na ɗaure. Na rubuta ma matar Alhaji yadda ake ba ta magani da yadda take son kokonta, ba tsami. Yau ma na iske rabin ƙosai cikin aljihun rigar aikina. Na ci, tunda mai shi tana Ibadan.

Suwaibatu

*

Ibadan,
16 ga Nuwamba, 2021

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan ta iske ki kafin Asabar. Malam Bilya ya ce sai jibi zai taso, na roƙe shi don Allah kada ya tsaya ko'ina. Ina lafiya a jiki. Kada ki kai Goggo Sabuwa.

Na yi maki ƙarya, Yaya. Ba kukan tausayinki na yi ba, kukan kaina na yi. Ga abin da ya faru bayan kin fita, kalma da kalma, don na ɗauka a waya kamar yadda aka umarce mu, kuma na saurara har na haddace.

Na ce, "Goggo, yanzu ba kowa, faɗa mani, wace ce wadda ta fita?"

Ta ce, "Ke Amatullah ba ki da kunya? A gabanta kike son in kama sunan?"

Na ce, "Me zai hana?"

Ta ce, "Ina kika taɓa jin uwa ta kama sunan ɗiyar fari? Mu ba a yi mana wannan tarbiyya ba."

Na ce, "Goggo, ai riƙonta kika yi."

Sai ta ɓata rai. Ta ce, "Riƙon wa? Ke ce ɗiyar riƙo, ɗiyar Sale, a kan keke aka kawo ki da ƙunshin kayanki. Waccan ni na haife ta. A ɗakin nan, ranar Laraba, ana ruwa. Na sha wuya a kanta kwana biyu, Malam yana waje yana ta zagaye." Ta kama hannuna ta ce, "Tana cin abinci kuwa? Ina ganin ta rame. Ina ɗan aje mata abu inda za ta gani, kada ki faɗa mata, abin kunya ne."

Kin ji, Yaya. Ba ta manta ki ba. Abin da ta manta shi ne ba ita ta haife ki ba. Kau da kan, da aiken Inna Alheri, da ƙin cin kwano ɗaya, duk kunyar ɗiyar fari ce irin ta mutanen da, wadda mu ba mu yi ma namu ba shi ya sa ba ta zo mana a rai ba. Wa zai yi tunanin haka ga matar da ba ta taɓa haihuwa ba? Naman nan naki ne. Bai taɓa zama nawa ba.

Ni kuma da na ji sai wani abu ya tokare mani ƙirji. Duk rayuwata na ɗauka ni ce tata, ni ce jini. Ko da kike rubuto mani cewa sunana take kira, ina ba ki haƙuri a takarda amma a raina daɗi nake ji, gara in faɗa. Sai ga shi ciwo ya kai ta can ƙasa inda ba a ƙarya don a faranta ma kowa, kuma ke ta iske a wurin. Ni an kawo ni kan keke. Na fito na gan ki gindin dalbejiya kina tsinke zogale, na ce in na faɗa maki kin cinye ni ke nan har abada. Sai na ɓoye maki. Na rubuta abin da yake gaskiya a takarda, ba ta faɗi suna ba, na bar shi inda za ki gani. Ba mantuwa ba ce.

Ranar takwas ga wata na rubuta amsa har na kai bakin kasuwa, na juyo da ita. Jiya aka ce kowa ta gabatar da nata nazarin. Malamarmu ta dubi takardata ta ce, "Kin ba ta sifili a wannan tambaya. Kin tambaye ta dalili?" Na ce eh. Ta ce, "Me ta ce?" Na tsaya gaban mutum goma sha takwas na fassara masu maganar Goggo, na kasa kaiwa ƙarshe. Ta ce tambayar ce ba ta dace da mutanenmu ba, in gyara ta, wannan ma shi ne aikin da zan rubuta. Sannan ta ce, "Mai jinyar ta ji daɗi da kika faɗa mata ko?" Na kwashi takarduna na fita.

Ke ya kamata ki zauna a kujerar da nake zaune, na sani. Na amshe maki karatu, ban da ikon in amshe maki wannan ma. Ki yafe mani in za ki iya. In ba za ki iya ba, ki dai bar Goggo a ɗakinta.

Ƙanwarki,
Amatullah

*

Mairuwa,
28 ga Nuwamba, 2021

Amatu,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki. Muna lafiya yanzu, ni da Goggo, kuma daga Mairuwa nake rubuto maki. Na fara da wannan don ki iya karanta sauran.

Takardarki ba ta iske ni kafin Asabar ba. Motar Malam Bilya ta lalace bayan Kwantagora, sai ranar Laraba ya iso. Na riga na kai ta. Da hannuna na shimfiɗa mata tabarma a ɗakin nan na kusa da awaki, na ga sakatar, na yi kamar ban gani ba. Da zan tafi na durƙusa na ce, "Goggo, na tafi." Ta dubi bango. Na ce a raina shi ke nan, na hau mota ban waiga ba.

A bakin asibiti na karanta takardarki, a tsaye. Ban san na zauna ƙasa ba sai da wata mai jego ta ce, "Sista, lafiya?" Na wuce gidan Inna Alheri da takardar a hannu, na ce, Inna, me ya sa Goggo ba ta kiran sunana? Ta dube ni kamar na tambaye ta me ya sa ake sa gishiri a miya. Ta ce, "Au, ba ki sani ba? Ai tun damina ta mai da ke ɗiyar fari. Na ɗauka kin gane, shi ya sa kike biye mata kina amsa aike ta bakina." Ta ce da ta san abin da ke cina ke nan da ta faɗa tun tuni, ni ce na ce mata canjin aiki ne. Nas biyu, ɗaya har da karatun Ibadan, ga amsa a bayan katanga.

Washegari da sassafe na nemi mota zuwa Sabuwa. Hanyar ba daɗi, sai da muka jira aka taru muka tafi a jere. Matar Alhaji ta tarbe ni da cewa gara da na zo, kwana biyar ba abin da Goggo ta sa a baki sai ruwa. Ta zare sakata. Goggo na zaune a kusurwa, ta ƙanƙance. Ta ɗago ta gan ni, ta yi sauri ta ja mayafi ta kau da kai, kamar kullum. Sai ta ce ma matar Alhaji, "A ce ma waccan ta zauna, ta sha hanya. A ba ta ruwa." Ta kwance bakin zanenta ta tura wani abu kan tabarma wajen ƙafata, ba ta dube ni ba. Tsoka ce, ta bushe ta yi baƙi. Matar Alhaji ta ce tun miyar ranar Asabar ce, sun yi sun yi ta ba su ta ƙi.

Na ci, Amatu. A gabanta na juya baya na ci, ina kuka, don kada in ba ta kunya. Da na ida sai ta ce a kawo mata koko, ba tsami.

Alhaji Uwais bai hana ni ita ba, ya ma sa aka rako mu. Aikin Ƙanƙara na rubuta masu cewa na fasa. Yanzu in ina son magana da ita ni ma Inna Alheri nake faɗa mawa, ko in dubi ƙofa in ce, "A ce ma mai ɗakin nan ruwan wanka ya yi." Sai ta ce, "A ce mata an ji." Jiya har ta yi dariya.

Maganar yafiya. Kwana biyar ɗin nan da ta yi da yunwa, ni da ke muka raba su, ke da shirunki ni da zuciyata. Ban ida hucewa ba, ba zan yi maki ƙarya ba, kuma har yanzu in na tuna kina zaune a aji da biro sai in ji haushi. Amma na san abin da ya tokare maki ƙirji, ya shekara nawa a nawa. Ki taho hutun Disamba, tana ta tambayar ko Amatullah ta yi kitso. In kin zo kada ki gyara mata zancen ranar Laraba, ku kuka ce a bi mai ciwo zuwa inda yake.

Saura abu ɗaya. Ga shafin farkon nan na maido maki. Inda aka tambayi dangantakar mai jinya da maras lafiya na soke abin da kika sa, na bar wurin fili. Ban cike da kaina ba. Da rubutun hannunki nake son in gani.

Yayarki,
Suwaibatu